Bikin kandi: yadda malami zai shirya wa 'yan aji shida taron bankwana

Da zarar an shiga watan Mayu aka fara rubuta WAEC, hankalin 'yan aji shida yakan rabu gida biyu. Rabi yana kan takarda, rabi yana kan ranar kandi: wane anko za a fitar, wane DJ za a ɗauko, a ina za a yi. Idan kai ne malamin ajinsu, ko kuma shugaban makaranta ya ɗora maka shirya taron, to da kai nake magana. Ina koyar da bayoloji a wata makarantar kuɗi ta maza da mata a yankin Tarauni da ke Kano, kuma aikin nan ya sha faɗowa a kaina.

Yaran yanzu sun ga abin da ake kira prom a TikTok da Instagram. A Amurka al'ada ce ta ƙarshen shekarar karatu, wajejen Afrilu da Mayu. Saurayi ya sa kwat, ya je ya ɗauko yarinya cikin doguwar riga, a yi rawa da daddare, a naɗa sarki da sarauniyar taro. Ingila ma ta ɗauka daga baya, haka wasu makarantun kuɗi na Legas da Abuja. Saboda haka kada ka yi mamaki ranar da shugabar ɗalibai za ta same ka a ofishin malamai ta ce, "Malam, mu ma dina muke so a yi mana." Kada ka hau ta da faɗa. Zaunar da ita ka tambaye ta me suke so a ciki. Za ka tarar abin da suke nema bai wuce su ci ado ba, a gan su a matsayin manya, su ɗauki hoto, su zauna tare karo na ƙarshe. Babu laifi ko ɗaya a cikin wannan. Abin da ba zai yiwu a Kano ba shi ne dare, da rawar maza da mata a cakuɗe, da fita wajen makaranta. Iyaye ba za su yarda ba, Hisbah ba za ta zuba ido ba, ni ma da nake uwa ba zan bar 'yata ta je ba.

Amma idan ka ce a'a ka tsaya nan, ba ka hana komai ba. Za su haɗa kuɗi a tsakaninsu, su kama ɗakin taro da sunan makaranta, su faɗa a gida cewa malamai ne suka shirya, alhali babu babba ko ɗaya a wurin. Don haka ka karɓi abin a hannunka, ka yi musu taron da za su ji daɗinsa da gaske, da rana, a cikin makaranta.

Fara da rana. Kada ka sa ta tsakanin WAEC da NECO, domin mako guda kafin biki babu mai buɗe littafi, kowa yana wajen tela. Jira a rubuta takardar NECO ta ƙarshe, wanda yawanci yakan kai cikin Yuli, ka sa Asabar ta farko bayan nan. Idan ka ja lokaci yara za su watse, wasu ƙauye, wasu kasuwa. Ka duba kada ta zama Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, don ba a zirga-zirga sai ƙarfe 10 na safe, masu kawo kujeru da abinci za su makara. A fara ƙarfe 10, a tashi sallar azahar a ci abinci, a rufe kafin la'asar. Damina ce, kuma hadari ya fi haɗowa da yamma, shi ya sa ko da za ka kafa rumfuna a fili, ka sa a share babban aji ko ɗakin jarrabawa a ajiye, idan ruwa ya sauko a koma ciki. Ka nemi izinin shugaban makaranta a rubuce, shi kuma ya tabbatar babu wata sanarwa daga ma'aikatar ilimi ko hukumar da ke kula da makarantarku da ta shafi irin wannan taro, domin ana yawan fitar da sababbin ƙa'idoji a kan bukukuwan kammala karatu.

Sai kuɗi, kuma a nan ne taron yake gyaruwa ko ya lalace. Ma'aunina guda ɗaya ne: yaron da ya fi kowa rashi a ajin. Kai malaminsu ne, ka san shi. Ka san wadda kakarta ce take biya mata kuɗin makaranta da sana'ar ƙosai, ka san wanda yake tafiya a ƙasa daga Unguwa Uku saboda babu na adaidaita. Iyayen nan sun biya kuɗin WAEC, sun biya na NECO, sun biya na JAMB, duk a cikin 'yan watanni. Duk abin da za ka yanke, ka tambayi kanka ko gidan wannan yaron zai iya ɗauka ba tare da an ci bashi ba. Idan ba zai iya ba, rage.

Ka kira shugaban ɗalibai da shugabar ɗalibai, da monitocin azuzuwan kimiyya da na fasaha da na kasuwanci, da uwa ɗaya da uba ɗaya daga ƙungiyar iyaye da malamai. Ku rubuta duk abin da za a kashe a kan allo kowa yana gani: kujerun roba, rumfa, lasifika, man janareta, abinci, ruwa, mai hoto, kyaututtuka. Ku raba a kan adadin yara, amma ba dukansu ba. Idan yara 100 ne, raba a kan 85, ka ɗauka cewa sauran ba za su iya biya ba. Ragowar giɓin ka nema wajen iyaye masu hali da tsofaffin ɗalibai. Alhazan kasuwannin Kwari da Singa da 'ya'yansu suke makarantar ba sa ƙin irin wannan idan aka je musu da mutunci, aka ce, "Alhaji, akwai marayu a ajin su wane, muna so kowa ya zo." Wani ma buhun shinkafa zai bayar ko katan-katan na lemo, wanda ya fi kuɗin amfani.

Sunayen waɗanda ba su biya ba kuwa, su tsaya tsakaninka da Allah. Kada monita ya riƙe takardar karɓar kuɗi yana kiran suna a aji. Kowa ya kawo wa malami kai tsaye, ko iyaye su tura ta asusun makaranta, kuma katin gayyata iri ɗaya za a ba kowa rana ɗaya. Akwai makarantun da suke hana yaron da ake bin sa bashin kuɗin makaranta halartar taro. Ina roƙon ka ka tsaya kai da fata a kan wannan. Bashi tsakanin makaranta ne da uba, kuma makaranta tana da hanyoyin karɓar kuɗinta. Yaron da ya yi shekara shida tare da 'yan'uwansa, a ce ranar ƙarshe yana gida yana ganin hotunansu a waya, wannan ciwo ne da ba ya warkewa da wuri.

Anko shi ne abu na biyu da yake cin iyaye. Idan ka bar wa yara zaɓi, masu baki a ajin za su fitar da leshi mai tsada ga mata, shadda gizna ga maza, sauran su yi shiru don kunya. Abin da na ga ya fi sauƙi shi ne a zaɓi launi kawai. Maza farin yadi ko farar shadda da hula, wanda kusan kowane gida akwai na Juma'a ko na sallah. Mata kuma, idan sun nace sai atamfa iri ɗaya, to wata malama ta raka biyu daga cikinsu Kantin Kwari, a sayi mai sauƙin kuɗi a sari, a raba. Ka bayar da ita aƙalla wata guda kafin ranar, don teloli ba sa cika alkawari a ƙurarren lokaci, musamman idan abin ya zo kusa da sallah ko lokacin bukukuwa. Ka faɗi ƙa'idar ɗinki tun ranar da ake raba atamfar, a gaban iyaye mata: doguwar riga ko riga da zani mai walwala, da mayafi wadatacce ko hijabi. Mayar da yarinya gida daga bakin ƙofa saboda ɗinki, bayan ta yi lalle ta ci kwalliya, abu ne mai zafi, kuma ana kauce masa ne da magana tun da wuri. Don haka nake ajiye manyan mayafai uku ko huɗu a ofis, wadda nata ya gaza sai in ja ta gefe in ce, "'Yata, ɗora wannan," babu wanda ya ji.

Yanzu maganar rawa, tunda ita ce a ransu. Ni ban yarda a hana gaba ɗaya ba. Yarinyar da ta kwana tana haddar kemistiri wata uku tana da haƙƙin ta saki jiki. Yadda muke yi shi ne, bayan azahar da cin abinci, iyaye maza da baƙi sun fara tafiya, sai mata su shiga babban aji da malamansu mata da iyaye mata, a rufe ƙofa, a sauke labule, wata malama ta karɓi wayoyi a cikin kwando. Su sa waƙoƙin da aka riga aka tace, su yi rawarsu awa guda. Ka jarraba sa musu gaɗa, za ka sha mamaki. Iyaye mata ne suke fara tashi, su tuno waƙoƙin dandali na ƙuruciyarsu, yaran kuma da ba su taɓa yi ba su shiga tafi suna dariya. Maza kuma a fili, da malamai maza. Idan da hali a gayyato 'yan koroso, rawar da Kano ta yi suna da ita, kuma za ka iya neman bayanin masu yin ta a Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa. In babu hali, ƙwallo tsakanin malamai da 'yan aji shida tana ɗauke musu hankali fiye da kowane kiɗa.

DJ kuwa, in za ka ɗauko, ka zauna da shi kwana biyu kafin taron, ka ji duk waƙar da zai sa daga farko har ƙarshe, ka sa ya kwafe su a wuri guda. Ka gaya masa idan ya sa wadda ba ta ciki, ba zai karɓi cikon kuɗinsa ba. Yara sukan lallaɓa su ba shi ɗan wani abu ya sa abin da suke so. Sau da yawa ma ba ka buƙatarsa, lasifikar makaranta da wayar malami ɗaya sun isa. Liƙi kuma a hana shi gaba ɗaya. Nan ne ɗan mai kuɗi yake nuna wa ɗan talaka matsayinsa a bainar jama'a.

Tsarin safiya kada ya zama na jawabai. A buɗe da karatun Alƙur'ani daga bakin ɗalibi, idan akwai ɗalibai Kiristoci a ba ɗaya daga cikinsu dama ya yi addu'a shi ma, shugaban makaranta ya yi magana gajeriya, sai a bar wa yaran fili. Wasan kwaikwayo, waƙar bankwana da suka rubuta da kansu, kacici-kacici, kwaikwayon malamai in dai babu cin mutunci. Babban baƙo guda ɗaya ya isa, kuma ni na fi son tsohon ɗalibin makarantar a kan ɗan siyasa, don ɗan siyasa zai makara, ya zo da jama'arsa, taron ya koma nasa.

Ka gaya wa baƙon nan su wa zai yi wa magana. A ranar sakamako bai fito ba, na WAEC sai wajejen Agusta, na NECO bayansa. A cikin waɗanda suke zaune akwai mai shiga Jami'ar Bayero, akwai mai tafiya jami'ar Wudil, akwai mai neman makarantar koyon aikin jinya ko ta koyon malanta ta Sa'adatu Rimi ko Foliteknik. Akwai wanda ranar Litinin zai fara zaman shagon yayansa a kasuwar wayoyi ta Farm Centre, akwai wadda an riga an kawo kuɗin gaisuwarta. Akwai kuma wanda lissafi zai kayar, bai sani ba tukuna. Jawabin da ya ce duk ku zama likitoci bai yi wa yawancinsu magana ba. A faɗa musu gaskiya: jami'a tana neman kiredit biyar har da Turanci, da kuma lissafi a yawancin fannoni, wanda bai samu ba akwai jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC da ta NECO a ƙarshen shekara, akwai IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, aure ba ya hana karatu, sana'a ba faɗuwa ba ce. Wannan minti goman yakan fi duk sauran taron amfani, kuma gara iyaye su ji da kunnensu.

Haka kyaututtuka. Na ɗaya da na biyu da na uku su karɓa, sun cancanta. Amma ka ƙara da wanda bai taɓa makara ba, da wadda take koya wa ƙawayenta lissafi lokacin tara, da wanda yake share masallaci ba a sa shi ba, da wanda ya shigo aji huɗu ba ya iya haɗa jimla yanzu yana rubuta wasiƙa. Littafi ne ko sallaya ko agogon bango, ba tsadar ba ce, kiran sunan a gaban mahaifiya shi ne kyautar. Zaɓen wadda ta fi kyau ko wanda ya fi iya ado, wannan kada ka bari ya shigo ko da wasa.

Abinci ba sai na daɗe a kansa ba. Dafa-duka da nama a robar ɗauka, ko waina da miyar taushe idan iyaye mata za su haɗu su yi. Kayan miya a Yankaba, robobi a Ƙofar Wambai, kankana ko lemo a 'Yan Lemo. Zoɓo ya fi kunun aya aminci, don kunun aya yana tsami cikin 'yan awoyi idan babu ƙanƙara. Ka ƙirga Baba maigadi da masu shara da direbobi a cikin masu ci, ka ƙara kaɗan a kan adadi, kuma malamai su raba da hannunsu, layi-layi, kowa yana zaune.

Rubutu da alƙalamin maka a jikin rigar makaranta ranar kammalawa ya zama ruwan dare, har wasu jihohi sun hana. Abin da yake damuna a ciki shi ne yadda namiji zai kai hannu jikin yarinya da sunan sa hannu, sannan a fita titi da rigar ana ihu. Amma sha'awar barin suna wajen aboki ba laifi ba ce. Ka saya wa kowa ƙaramin littafin rubutu mai arha, a yi ta zagayawa da shi ana rubuta addu'a da lambar waya, sannan ka manna farin ƙyalle babba a bango kowa ya sa hannu, makaranta ta ajiye. Kayan makarantar da suka rage da kyau kuma a tattara a wanke, akwai 'yan aji ɗaya da suke buƙata.

Hoto yana buƙatar tsari. Mai hoto ɗaya, idan an samu mace ga ɓangaren mata ya fi. A yi na aji gaba ɗaya da malamai tun da safe kafin kwalliya ta narke, a wanke wa kowa guda. Ka gaya wa yaran a fili cewa babu wanda zai ɗora bidiyon wata a intanet ba da yardarta ba. A garin nan bidiyon daƙiƙa talatin ya isa ya jawo wa yarinya magana a gida, ko a fasa aurenta, ita kuwa ba ta ma san an ɗauka ba.

Ƙofa ita ce aikin da ba a gani amma ya fi kowanne nauyi. Kowane ɗalibi kati biyu, na uwa da uba ko wakilansu. Babu aboki, babu saurayi, babu "yayana ne" sai da kati. Ka sa malamai biyu da suka san fuskokin yaran su tsaya tare da Baba maigadi. Mako guda kafin nan ka kai takarda ofishin 'yan sanda mafi kusa da ofishin Hisbah na ƙaramar hukuma, ka kuma je ka gai da mai unguwa ka shaida masa. Taron yara masu sababbin kaya da wayoyi a hannu yana jawo masu ƙwacen waya, kuma a bakin titi suke jira lokacin tashi. Ɗalibi kada ya zo da mota. Lasisin tuƙi sai an kai shekara 18, yawancinsu ba su kai ba, kuma ranar kandi ce samari suke aron motar gida su cika ta da abokai suna wasa da ita a titi. Wanda ya zo da ita, ka karɓi mukulli ka kira mahaifinsa.

Abu mafi muhimmanci da za ka rubuta shi ne wasiƙar iyaye. Da Hausa da Turanci, a takarda da kuma zauren WhatsApp na iyaye. Ka faɗi rana, da lokacin farawa, da lokacin tashi, da abin da aka karɓa, sannan ka rubuta da manyan baƙaƙe cewa makaranta ba ta shirya wani taro bayan wannan ba, ko a otal ko a ɗakin taro ko a gidan wani, kuma duk yaron da ya ce akwai, a kira wannan lambar. Wannan layi ɗaya yana rushe yawancin shirin ɓoye. Ka roƙi a zo a ɗauki 'yan mata, waɗanda ba mai zuwa ɗaukarsu kuma a haɗa su bisa unguwanni, 'yan Gyaɗi-Gyaɗi tare, 'yan Hotoro tare, 'yan Na'ibawa tare, a sa su a adaidaitar da makaranta ta sani, a rubuta lambarta. Kai kuma ba ka tafiya sai yaro na ƙarshe ya fita, kuma wayarka a kunne har isha'i, saboda za a kira ka a ce wance ba ta iso ba.

Ranar Litinin ka zauna da kwamitin ku rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin ruwan leda, ka manna a allon sanarwa ka tura wa iyaye. Idan an samu ragowa, ku yanke tare abin da za a yi da shi. Mu mukan ajiye don sayen katin duba sakamako ga waɗanda ba su da hali. Kafin yaran su watse ka karɓi lambar wayar gidan kowa a littafi guda, ka faɗa musu ranar da za su zo karɓar takardar shaidar kammalawa, da ranakun da za su same ka a makaranta idan sakamako ya fito suna neman shawara.